Wadda Ke Tsaye Bayan Gebi

Poruma, watan Agusta

Zuwa ga 'yata Lilla,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya a Cairns ɗin nan taku. Mu nan lafiya lau, sai iska da ta hana maza fita teku. Ƙanwarki Gebi ta warke daga tarin nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Kin san bangon gidan nan, in na yi tari a ɗakina ana ji a kicin, wayata kuma kullum tana hannun Gebi. Maganar da zan yi ba ta kunnenta ba ce.

Jiya kawunki Elia ya kira ni daga tsibirin Waiben yana ta in-ina kamar yaron da ya fasa kwano. Wai takarda ta iso gidansa daga gidan baje zane-zanen da za su nuna aikinki, ana neman sa hannun mahaifiyar Gebi don a yarda ki sa hoton yarinyar a abin nan da kike haɗawa a kwamfuta. Kuma sunan matarsa ne a kai. Na ce ya sake karantawa. Ya sake.

Lilla, ni wace ce?

A Yuli, lokacin bikin coci na Zuwan Haske, na gan ki kina bin gidaje, kina zama kina shan shayi, kina roƙon iyaye su yarda ki yi aiki da hotunan 'ya'yansu. Har na ce wa matan coci ku ga tarbiyya. Ashe ni da kika kwana a gidana kika ci kifina, ni ce ba za a tambaya ba.

Ba ki da uzurin rashin sani. Budurwa ce ke lokacin. Tun yarinyar tana ciki kawunki da matarsa suka zo suka zauna a kan tabarma gaban kakarki, suka ce wannan na Maleta ne, tunda gidanta ya yi shiru bayan rasuwar babanku. Ke kika rungumo ta a jirgi daga asibiti. Shekara tara ke nan. Wa ya goya ta? Wa ya zauna da ita lokacin da kunne ya hana ta barci? Wadda aka ba wa ita ce uwa. Wadda ta bayar ta ja bakinta ta yi shiru, ba a tuna mata, ba a tuna wa yaro. Haka aka yi wa kakanki, haka aka yi wa rabin mutanen da kike gaisarwa a tsibirin nan, babu wanda ya mutu. Ke kuwa kin ɗauki biro kin aika wa baiwar Allah har ɗakinta, kina ce mata uwa.

Ban tura ki makaranta don ki dawo ki koya mana wace ce uwar wa ba. Ki rubuto ki yi mini bayani. Kada ki kira.

Mahaifiyarki,
Maleta

Cairns

Ama, mahaifiyata,

Ina gaishe ki, ina gaida Gebi sarkin surutu. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Shafi biyu cur, ko sau ɗaya ba ki kira sunan matar kawu, Anti Bakoi, ba. Ko cikin fushi ba kya manta kunyar suruka.

Ama, ki yi haƙuri, amma ki saurare ni. Ba ni na zaɓi sunan ba. Matar da ke kula da gidan baje zanen ta ce ba za su rataye hoton kowane yaro ba sai da izinin wanda sunansa ke kan takardar haihuwa. Kin san sunan da ke kan ta Gebi. Tun da gwamnati ta ce ana iya gyara irin wannan nake ce miki mu je mu gyara, kina cewa takarda ba ta goya yaro. Na ce wa matar a wurinmu ba haka ake ba, ta ce ta gane, amma lauyansu ba zai gane ba. Ni kuma na ga in na tambaye ki faɗa za ki yi, sai na ce bari Anti ta sa hannu a ɓoye kowa ya huta. Na yarda, dabarar banza ce.

Bari ki ji abin da na yi, ko zuciyarki ta sauka. Yaran tsibirinmu ne a tsaye, na ɗora su a kan hoton ruwan da ya shigo maƙabarta bara. Ruwan ya kai musu gwiwa. A bayansu mata suna rawa da rigunan furanni, rabi mutane rabi kumfar teku. Tsawonsa ya cika bango guda. So nake mutanen nan da ke yanke mana hukunci a ofis su ga fuskokin da ruwa zai kora.

Gebi ce a tsakiya. In na cire ta, aikin ya mutu. Kowace uwa na aika mata ɓangaren da ɗanta yake ta gani kafin ta sa hannu. Ga naki a cikin ambulan.

Kuma Ama, tsakani da Allah, wa ne bai sani ba a Poruma? Har karnuka sun sani.

Wata mai zuwa za a buɗe. Ki taimake ni.

'Yarki mai kunnen ƙashi,
Lilla

Poruma, ƙarshen Agusta

Lilla,

Ina gaishe ki, don gaisuwa wajibi ce.

Na buɗe ambulan. Gara da Gebi tana makaranta.

Ke da kike cewa ido ne sana'arki, ba ki ga abin da kika yi ba? Cikin matan da suka yi rawa ran bikin nan, wa kika ɗauko kika tsayar daidai bayan yarinyar? Matar kawunki. Kan wannan a saman kan wannan. Dariya ɗaya, wushirya ɗaya, har yadda suke karkatar da wuya hagu. Ni da na san komai sai da na kifa hoton. Na san abin da za ki ce, wai nan ne hoton ya fi kyau. Dole ya yi kyau mana. Kin ɗauko abin da mutane suka shekara tara suna kawar da ido daga kansa, kin hura shi ya cika bango, za ki kunna masa fitila. Daga bangon kuma sai wayoyin mutane. Kafin jirgin kaya ya zagayo, ya shiga wayar kowane yaro a ajinsu.

Kin ce kowa ya sani. Ƙwarai kuwa. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, shirun nan shi ne mutuncin. Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, kuma ni kaɗai ke da ikon zaɓar ranar da za ta ji, ba kwamfutarki ba.

Ga abin da wayonki ya jawo mini. Ranar Talata Gebi ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Ama, ina nawa hoton? Maman Dulsi ta manna nasu a firji."

Na ce, "Wanke hannu ki zo ki kankare mini kwakwa."

"Yaya Lilla ta ce ni ce a tsakiya."

"Yayarki tana faɗin abubuwa da yawa."

"Dulsi ta ce wai an cire ni don haƙorana kamar ƙofar da aka manta ba a rufe ba."

Na ce, "Ki ce wa Dulsi ta fara duba kunnuwanta, in iska ta taso sai an ɗaure ta a jikin bishiya."

Ta yi dariya kaɗan, sai kuma ta tsaya ta zuba mini ido. Ta ce, "Ama, ke me ya sa ba ki da wushirya?"

Na ce kifi ya ƙone, na shige kicin. Babu kifi a wuta, Lilla. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya irin ta gudu ba sai ran nan, kuma ke kika sa ni.

Ki cire ta daga hoton. Ki sa wani yaron a tsakiya, tsibirin cike yake da yara. Za ta yi kuka, ta riga ta fara, jiya ko rogon da take so ba ta taɓa ba. Gara ta yi kukan hoto. Aikin da sai an tona gidan uwa zai tsaya, bai cancanci tsayawa ba, ko da ruwan zai cinye mu gaba ɗaya.

Wani abin kuma. Kawunki ya ce har yau matarsa ba ta mayar da takardar ba, ba ta kuma yaga ta ba. Kin ga ƙofar da kika buɗe.

Allah ya shirye ki.

Mahaifiyarki,
Maleta

Poruma, watan Satumba

Zuwa ga matar ƙanena, Maman Josia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya. Ina gaida Josia da ƙannensa.

Tun da kika shigo danginmu ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba, ban kuma taɓa ɗaga miki murya ba. Yau ma ba zan ɗaga ba. Amma akwai abin da zan tambaya, kuma ina son amsa a fili.

'Yata ta yi rashin hankali ta aiko miki da takardar da ba taki ba. Wannan laifinta ne, na kuma yi mata faɗa. Abin da ya kamace ki shi ne ki mayar a ranar, ki ce an yi ɓatan adireshi. Ba ki yi ba. An ce mini takardar tana nan a wurinki. An kuma ce hoton yana manne a ƙofar firjinki, inda duk mai shigowa shan ruwa zai gani, har da 'ya'yanki da suke zuwa mana hutu suna kwana ɗaki ɗaya da Gebi.

Me kike nufi?

Ba ni na roƙa ba. Ku kuka zo da ƙafarku. A gaban mahaifiyata aka yi maganar, tana kwance yanzu a maƙabartar da ruwa ke ci, ba za ta iya tashi ta tuna miki ba, shi ya sa nake tuna miki. Abin da aka bayar a kan tabarma ba a karɓe shi da biro. In kin sa hannu a takardar nan a matsayin uwa, kin faɗa wa duniya abin da kika yi alkawarin ba za ki faɗa ba. In kuwa wani tunani ne ya shigo miki game da yarinyar, ki zo Poruma ki faɗa a gaban dattawa, ki dube ni ki faɗa. Kada in ji shi daga bangon wani gida a Cairns.

Ina jiran amsarki a jirgin da zai dawo.

Yayar mijinki,
Maleta

Waiben

Yaya,

Na gaishe ki da girmamawa. Yara suna gaida gwaggonsu ta Poruma. Ban iya rubutu kamar ke ba, ki yi haƙuri da hannuna.

Ban sa hannu ba. Tun ranar da takardar ta zo na san ba zan sa ba.

Matar gidan zanen ta kira ni a wurin aiki, ina tsakiyar dafa wa ɗalibai abinci. Ta ce, "Ke ce mahaifiyar Gebi?" Na ce a'a. Ta ce, "To ai sunanki ne a nan." Na ce, "Sunana ne, amma ni matar kawunta ce. Uwarta tana Poruma, sunanta kuma ba zan iya faɗa miki ba don surukata ce, ki tambayi Lilla." Ta ce ba ta gane ba. Na ce ba sai ta gane ba, shinkafata za ta kama.

Hoton kuwa gaskiya ne, na manna shi. Ba zan yi miki ƙarya ba. Yaya, ba ni da hoto ko ɗaya da nake ciki tare da ita. Duk bikin da aka yi, in an ce a taru a ɗauka, sai in koma can ƙarshen layi, ko in ce zan duba tukunya. Ba ki taɓa lura ba, don haka nake so. Ran rawar nan ma ban san tana gabana ba, ashe ma ba ta gabana, Lilla ce ta haɗa mu. Da na buɗe ambulan sai na kasa mayarwa. Na ce bari in kalla kwana biyu. Kwana biyun ne suka yi yawa. Josia ya tsaya a gabansa ya daɗe, sannan ya juyo ya dube ni. A ranar na cire.

Shekara tara ina ce mata 'yar yayar mijina, bakina bai taɓa kuskurewa ba, ko a mafarki. Ranar da aka yi mata baftisma ni na dafa abinci, ban shiga coci ba. Ban taɓa saya mata abin da ban saya wa sauran yaran dangi ba. Sai ga shi saboda 'yan kwanaki da hoto a firji kin kira mini dattawa. Wannan ya yi mini zafi, Yaya. Gara in faɗa miki da in riƙe.

Elia ya ce kin ce a cire yarinyar. Kada a cire ta. Me ta yi? Ni za a cire. Na riga na gaya wa Lilla ta goge ni, ta ce aikin yini ɗaya ne. Na saba tsayawa a inda ba a gani.

Ga takardar, ga hoton, duka na sa miki a ciki. Ki yi yadda kika ga dama da su.

Ki shafa mini kan yaran gidan.

Ƙanwarki,
Bakoi

Cairns

Ama,

Gaisuwa. Yau babu wasa a bakina.

Na goge Anti Bakoi kamar yadda ta ce. Na fara da fuskar, na bi da rigar, na cike wurin da ruwa. Ban san goge mutum yana da nauyi haka ba. Ga sabon a ciki ki gani. Gebi tana nan a tsakiya, babu kowa a bayanta.

Bayan sun yi waya da Anti, matar gidan zanen ta kira ni ofis ta ce in zauna in yi mata bayani tun daga farko. Na yi. Ta je ta dawo ta ce za su karɓi sa hannunki, in fasto da dattijo ɗaya sun shaida ke ke riƙe da ita. Ga sabuwar takarda, sunanki ne a kai.

Abin da ya kamata in yi tun a Yuli, a kan tabarmarki, shi nake yi yanzu. Ama, ina neman izininki in sa hoton 'yarki Gebi a aikina. In kin ce a'a, zan cire ta, ba zan ƙara magana ba.

'Yarki,
Lilla

Poruma

Lilla,

Na gaishe ki. Yanzu kika yi magana irin ta 'yar mutane.

Na sa hannu, fasto ya sa, dattijo ya sa. Amma ban yarda da wannan hoton ba. Wa ya ce ki goge matar ƙanena kamar tabon miya a riga? Ita ta ce, na ji. Ke ba ki da hankalin kanki? Matar nan ta hau jirgi ta zo ta yi rawa a bikinmu, ta fi rabin matan da kika bari iya rawar. Kuma kin bar mini yarinya tsaye cikin ruwa babu kowa a bayanta, kamar marar dangi. Duk wanda ya san inda aka goge, ramin zai fi fuskar yi masa magana.

Ki mayar da ita cikin matan, a gefe, kusa da Maman Dulsi, tana kallon wani wajen. Bayan Gebi kuma ki jera mata uku ko huɗu, duk wadda ta samu. Ni kada ki sa ni, ba na rawa a gaban baƙi.

Ki aiko wa ƙanwarki nata ta manna a firji, ta ishe ni. Kuma in kin zo Kirsimeti za mu je a gyara takardar haihuwar nan, kada wani lauya ya sake aika wa mutane tashin hankali.

Ki riƙa zuwa coci.

Mahaifiyarki,
Maleta

Poruma

Maman Josia,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na karanta.

Maganar dattawa na janye ta.

Takardar na ƙona. Hoton kuma ga shi na dawo miki da shi, ba nawa ba ne, ba kuma zan ajiye shi a gidan da yarinya ke bincike ko'ina ba. Ba a firji ba. Ki sa shi a ƙasan akwati.

Ranar da na ga ta isa ta ji, ni zan gaya mata da bakina, a kan tabarma. Zan aiko a kira ki, ki zo da shi. Ba bana ba, ba kuma baɗi ba. Kada ki tambaye ni yaushe.

In an taru ɗaukar hoto a Kirsimeti, ki bar tukunya ta ƙone.

Yayar mijinki,
Maleta